Yadda na bi har kamfanoni suka fara ba ni kaya a farashin sari

Duk mai ƙaramin shago a intanet, akwai ranar da zai zauna ya buga lissafi ya ga ya ƙi fita. Ni kayan rubutu nake sayarwa: littattafan rubutu masu kauri, alƙaluma, da 'yan jakunkunan zuba fensir. Da na fara, a hannun masu sayar da ɗai-ɗai nake saye, in ɗora 'yar riba, in ɗauki hoto in sa a shafina. Ciniki kam ana yi, amma in aka cire kuɗin kwali da na aika kaya da kason da kamfanin karɓar kuɗi yake yanka a kowane ciniki, abin da ke saura ba zai riƙe sana'a ba. Hanya ɗaya ta rage min, in kai ga masu kayan da kansu, su buɗe min asusu su riƙa ba ni a farashin sari. Babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce ga ƙofar da ake bi, shi ya sa na daɗe ina lalube. Zan faɗi yadda ta kasance tun daga farko, ko wani ya huta da irin ruɗanin da na shiga.

Saƙonnina na farko ta shafukan sada zumunta na kamfanonin na tura su, domin a nan nake ganin suna amsa wa mutane. Gaisuwa ce, sai tambaya: kuna ba da sari, kuma nawa ne? Wasu ko buɗewa ba su yi ba. Wani ya ce in duba shafinsu, na duba ban ga komai ba sai farashin da kowa ke gani. Makonni suka shuɗe ina duba waya safe da yamma, har zuciyata ta fara raya min cewa mai ƙaramin jari ba shi da wuri a wajen mutanen nan. Sai na kai kukana wurin wata yayata a sana'a, wadda ta riga ni shiga harkar da shekaru. Ta karanta saƙon ta ce, "Ƙanwata, wanda ke riƙe da wannan shafin aikinsa lallashin masu saye ne, ba shi da hurumin ba ki farashin sari. Kuma ko saƙon ya kai ga mai hurumin, me zai gani a ciki? Bai san ko ke wace ce ba. Abu uku yake son ya sani: za ki biya, za ki dawo, kuma ba za ki karya masa farashi a kasuwa ba. Je ki haɗa abin da zai amsa masa waɗannan, sannan ki sake ƙwanƙwasa ƙofa."

Sai na bar aika saƙo na koma haɗa takardu. A ofishin rajistar kasuwanci da binciken suna aka fara, a ga ko wani ya riga ni. Sunan da na fi so ya yi kama da na wani, dole na kawo wani. Kuɗin bincike daban, na rajista daban, sannan aka ce in jira. Takardar na fitowa na nufi hukumar haraji neman lambar shaidar mai biyan haraji, daga can sai banki don buɗe asusu da sunan kasuwancin. A lura da wannan jerin, domin kowane ofishi takardar na bayansa yake nema: masu haraji sun nemi ta rajista, banki ya nemi duka biyun haɗe da katin shaida da abin da ke tabbatar da adireshina. Wanda ya fara da banki dawowa zai yi. Kowace ƙasa da nata tsarin. A Amurka, alal misali, masu sari sukan nemi takardar da ke nuna cewa don sayarwa kake sayen kayan, domin kada a ɗora maka harajin ciniki tun a wurin saye. A ƙasashen Tarayyar Turai kuwa lambar harajin VAT suka fi tambaya. Abin da bai canza ba a ko'ina shi ne sunan ya zama iri ɗaya, harafi da harafi, a takardar rajista da ta haraji da asusun banki da goshin shagon. Ma'aikacin da zai duba takardunka bai san fuskarka ba, in ya ga saɓani ajiye su zai yi gefe.

A lokacin jiran nan na gyara shagon kansa. Na buɗe adireshin imel mai ɗauke da sunan shagon, na rubuta shafi ɗaya da ke bayyana ko mu su waye, wani kuma na ƙa'idar mayar da kaya, na sa lambar waya da adireshi inda ido zai gani. Kuɗin da wannan ya ci kaɗan ne in aka kwatanta da na rajista, amma daga baya wakilin wani kamfani ya faɗa min da bakinsa cewa kafin ya amsa min sai da ya shiga shagon ya zagaya.

Wurin da na fi ruɗewa shi ne gane wa ma ya kamata in nema. Ashe masu kaya hawa-hawa ne. Akwai masana'antar da ke ƙera kayan, akwai kamfanin da sunansa ke jiki, wanda sau da yawa ba shi ke ƙerawa ba, akwai babban dila da kamfanin ya yarje wa ya rarraba wa shaguna, sannan akwai 'yan tsakiya masu kiran kansu 'yan sari alhali su ma a hannun dila suka saya suka ɗora nasu. Waɗannan na ƙarshe su suka fi cika ido in ka yi bincike a intanet. Yadda na koyi gane su: ba sa tambayar ko takarda ɗaya, kowa ya zo za su sayar masa, wasu ma sai ka biya kuɗin rajista na wata-wata kafin su nuna maka farashi. Mai sari na gaskiya yakan ɓoye farashinsa har sai ya tabbatar kai ɗan kasuwa ne, domin yana kare shagunan da ke saye a hannunsa. Akwai kuma kasuwannin sari na intanet, irin su Alibaba da aka kafa a ƙasar Sin a 1999, inda masana'antu da 'yan kasuwa suka yi yawa, da Faire da aka kafa a Amurka a 2017 don haɗa ƙananan shaguna da masu kaya. Ga mai halin tafiya akwai baje kolin 'yan kasuwa, wanda ya fi shahara shi ne na Canton da ake yi a birnin Guangzhou tun 1957, sau biyu a shekara. Ni dai abin da ya fisshe ni mai sauƙi ne: na ɗauko kayan da suka fi tafiya a shagona, na juya bayan kwalinsu na kwafi sunan kamfani da adireshinsa, na shiga shafinsa na gangara can ƙasa, inda ake ɓoye 'yar mahaɗar da aka tanada don masu shaguna.

Wasiƙar da na rubuta a wannan karon gajeriya ce, ba ta cika allon waya biyu ba. A kanta na sa sunan shagon da cewa neman asusun sari ne. A ciki na faɗi sunana da na kasuwancin, na sa mahaɗar shagon, na ce ga irin mutanen da ke saye a wurina, ɗalibai da malamai da masu aikin ofis. Na ambaci kayansu guda uku da nake so, kowanne da lambarsa kamar yadda take a kundinsu, na faɗi kimanin abin da nake sayarwa a wata ba tare da na ƙara gishiri ba. Sannan tambayoyi: mene ne mafi ƙarancin odar farko, yaya ake biya, kwana nawa kaya ke ɗauka kafin su fito, kuma sun yarda a sayar da kayansu ta intanet? Na rufe da cewa takardar rajista da lambar haraji suna hannu in suna buƙata. Ban roƙi ragi ba, ban nemi bashi ba, ban kuma ba da labarin wahalar da na sha ba. Kowane kamfani da tasa wasiƙar na rubuta masa, domin saƙon da aka kwafa aka watsa wa mutum ɗari daga layin farko ake gane shi.

Amsoshi ba su zo tare ba. Wasu shiru, sai da na bar mako ya zagayo na sake tuntuɓa da layi biyu cikin ladabi, a nan ne wasunsu suka motsa. Wani kamfani da na ƙwallafa rai a kansa ya ce ba ya buɗe wa wanda ba shi da shagon gini. Ranar abin ya taɓa ni ƙwarai, don a ganina ciniki ciniki ne ko ta ina ya zo. Da hankalina ya kwanta na rubuta na gode musu, na tambaya ko akwai dilan da suka amince da shi wanda zai iya ba ni. Suka turo suna. Wani kuma ya ce ya yarda da shagona na kaina, amma bai yarda a sa kayansa a manyan kasuwanni irin su Amazon ba, domin a can masu sayarwa ke tseren karya farashi har kaya su zube daraja. Na fahimci dalilinsa, kuma ina ganin yana da gaskiya.

Dilan da aka tura ni wurinsa fom ya aiko min. Shafin farko ba wuya: suna, lambar rajista, lambar haraji, adireshin da za a kai kaya da na aika takardar kuɗi. A shafi na biyu na cije, inda aka ce in kawo sunayen kamfanonin da na taɓa hulɗar sari da su don a tambaye su halina wajen biya. To wanda yake neman na farko, ina zai samo na baya? Na kira yayata ina cewa shi ke nan an rufe ƙofa. Ta ce, "Wannan gurbin na masu neman bashi ne. Ke rubuta cewa sabuwa ce, za ki biya kafin a ɗora kaya." Haka na rubuta, na ƙara da sunan kamfanin da nake sayen kwalaye a wurinsa a kai a kai, bayan na nemi izininsa. Bayan 'yan kwanaki wakilinsu ya kira. Gabana na faɗuwa na ɗauka, amma tambayoyinsa na aiki ne zalla: ina nake ajiye kaya, wa ke ɗaure su ya aika, ta ina masu saye ke zuwa, wane kaya ne ya fi tafiya. Abin da na sani na faɗa, inda shagon bai kai ba na ce bai kai ba tukuna. Kafin mu yi sallama ya ce zai turo jerin farashi.

Jerin farashin sari sai an zauna an karanta shi a natse. A kayayyaki da yawa al'adar ita ce farashin sari ya kama kusan rabin abin da mai saye zai biya a shago, amma wannan a hannun kamfani ne kai tsaye. Ta hannun dila ribar takan ragu tunda shi ma zai ci nasa. Na tarar da ƙa'ida iri biyu da na ɗauka ɗaya ce: akwai mafi ƙarancin kuɗin da odar farko za ta kai, akwai kuma adadin da ke cikin kowane katan, wanda ba a fasawa. In alƙalami dozin-dozin yake zuwa a kowace kala, mai son kala shida ya sayi 72 ke nan ko yana so ko ba ya so. Odar farko ta fi ƙarfin jarina, sai na tambayi wakilin ko za a bar ni in gauraya kaya iri-iri har kuɗin ya cika, maimakon in tara abu ɗaya ya yi min kwantai. Ya yarda nan take. Akwai kuma takardar da ta ƙayyade farashin da ba za a tallata kayan ƙasa da shi ba. Irin wannan sharaɗi ruwan dare ne a Amurka, a Tarayyar Turai kuwa dokar gasa ta hana mai kaya ya yanka wa mai shago mafi ƙarancin farashin da zai sayar. Don haka kowa ya san dokar inda yake kafin ya sa hannu, in kuma ya sa, ya cika alkawari, don karya wannan sharaɗi na cikin abubuwan da ke sa a rufe wa mutum asusu.

Kafin in zuba kuɗi na nemi samfuri, kuma na biya, har kuɗin aikowa ya fi na kayan. Ban ji ciwon kuɗin ba. Littattafai biyu ne da a hoto ba ka raba su. Na buɗe tsakiyar kowanne na yi rubutu da alƙalami mai tawada, na juya shafin. Na farko bayansa fes. Na biyu kuwa tawadar ta ratsa, har ana iya karanta rubutun ta baya. Na duba bayanin da ke jiki: na farko takardarsa giram 80 ce a kowace murabba'in mita, nauyin takardar ofis da aka saba da ita, na biyu giram 60. Na buɗe su na danne a kan tebur, na biyun gam ɗin gindinsa ya fara tsagewa. Shi ne mai arha, shi ne kuma ribarsa ta fi tsoka a lissafi, amma araha ba ta ado. Da na saye shi da ni masu saye za su dawo wa, ba kamfani ba. Samfurin da na zaɓa na rubuta kwanan wata a jikinsa na adana, don in gwada shi da kayan da za su iso.

Da na tura oda suka aiko da takardar lissafi ta kafin biya, mai ɗauke da kaya da adadi da farashi da kuɗin dako da asusun da za a biya. Na bi ta layi-layi da odata a gefe. Ina shirin biya sai ga wani imel, da tambarin kamfanin da sunan wakilin, wai sun canza banki, in tura ta sabon asusu kuma in hanzarta. Gaggawar ce ta tsaya min a rai. Na kira wakilin ta lambar da na riga na sani, ba wadda ke cikin saƙon ba, ya ce ba su canza komai ba. Da na ƙura wa adireshin imel ɗin ido, harafi ɗaya ne ya bambanta da nasu. Wannan damfara sananniya ce a duniyar kasuwanci, kuma sabon shiga ta fi kamawa. Duk saƙon da ya ce an canza asusu, a ɗaga waya a ji murya tukuna, kuma kada a tura kuɗin kamfani cikin asusun da ke ɗauke da sunan wani mutum.

Ranar da kaya suka iso ban bar mai kawowa ya tafi ba sai da na ƙirga katan-katan, wanda gefensa ya lotse na rubuta a takardar karɓa kafin in sa hannu, na ɗauke shi hoto. A daren na buɗe duka na gwada da takardar lissafi, na tarar fakiti ɗaya babu. Ƙa'idarsu ta ba da 'yan kwanaki ƙalilan na kai ƙorafi, in suka wuce shi ke nan. Na rubuta washegari da hotuna da lambar oda, ba faɗa ba zargi, suka cire kuɗin daga oda ta gaba.

Daga baya na gwada tuntuɓar wata masana'anta a ƙasar waje, ina son a buga sunan shagona a bangon littafi. Farashin guda ɗaya ya yi daɗin ji, amma can wata duniya ce daban. Sun nemi kashi 30 cikin ɗari kafin alƙalami, sauran 70 kafin a ɗora kaya, wanda tsari ne da aka saba. Sai kuma haruffa uku da ke gaban farashin, waɗanda ke cikin ƙa'idojin Incoterms na Ƙungiyar 'Yan Kasuwa ta Duniya. Su ne ke nuna wanda zai ɗauki nauyin dako da kwastan, mai saye ko mai sayarwa. Bugun 2020 yana da guda 11. In aka rubuta EXW, daga ƙofar masana'anta komai a wuyanka yake. FOB na nufin su za su kai kaya tasha su ɗora a jirgin ruwa, daga nan naka ne. DDP kuwa har inda aka yi alkawari za a kawo, an biya kwastan. Nasu EXW ne. Na nemi lambar rukunin kayan, wadda lambobinta shida na farko iri ɗaya ne a ƙasashen da ke bin tsarin Hukumar Kwastan ta Duniya, na gano harajin shigowa, na haɗa da dako da inshora da ladan mai fito da kaya. Da na raba jimlar a kan kowane littafi, tazarar da ke tsakaninsu da dilana ta ragu sosai, ga jarin zai kwanta watanni. Na gode musu na ce sai shagon ya ƙara ƙarfi, na adana adireshinsu.

Maganar bashi ban tayar da ita ba sai da na yi oda a jere ina biya kafin kaya su fito. Da na tambaya, wakilin ya duba tarihin asusuna ya turo wancan shafi na biyu da na cije a kansa a farko, a wannan karon ina da sunayen da zan rubuta. Aka ba ni wa'adin kwana 30 daga ranar takardar kuɗi, da iyakar da ba zan wuce ba. A lura, daga ranar da aka rubuta takardar ake fara ƙirga, ba daga ranar da kaya suka iso ba, kuma ba ruwan kamfani da ko ka sayar ko ba ka sayar ba. Wasu sukan yi ragin kashi 2 cikin ɗari ga wanda ya biya cikin kwana 10. Ni nakan biya kafin wa'adi ya cika, don na ga yadda hakan ke sa a ɗaga min waya da wuri, a kuma sanar da ni in sabon kaya zai shigo.

Ga mai shirin bin wannan hanya, kada ƙanƙantar shago ta sa ka kumbura adadin cinikinka a wasiƙa. Odarka ta farko za ta tona gaskiya, kuma wakilan nan sun saba da ƙananan shaguna fiye da yadda muke zato. Kada ka ɗauki "a'a" a matsayin ƙarshen magana, tambayi dalili, tambayi dila, tambayi lokacin da za ka iya dawowa. Duk abin da aka amince a waya, bi shi da imel a rubuce a ranar, don wakili na iya barin aiki, wanda ya gaje shi kuma takarda kawai zai gani. Sannan kada ka tsaya a kan mai kaya ɗaya. Dab da komawar ɗalibai makaranta littafin da ya fi tafiya a shagona ya ƙare ƙaf a siton dilana, manyan shaguna sun riga sun kwashe, na zauna ina ba masu saye haƙuri. Tun daga lokacin na buɗe asusu na biyu a wani wuri ko da farashinsa ya ɗan ɗara, kuma nakan tambayi kowane wakili watan da ya kamata in shigar da odar lokacin rububi, in rubuta a kalanda, in fara tara kuɗinta tun da sauran lokaci.